Yoga da ɗaga ƙarfe: yadda ake haɗa su ba tare da an ji ciwo ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 45, nauyina kilo 70, aikin ofis nake yi, wuni nake a zaune. Wata takwas ke nan ina yin yoga a gida da safe, ina bin bidiyo a waya. Jikina ya saki, barcina ya gyaru, amma har yanzu in na ɗauki bokitin ruwa ko na hau bene sai in ji ba ni da ƙarfi, ga shi kwanan nan wuyan hannuna da ƙasan mazaunaina sun fara ciwo. An ce in fara ɗaga ƙarfe. Wasu kuma sun ce ƙarfe zai sandarar min da jiki ya ɓata abin da yoga ta gyara. Ana haɗa su kuwa? In ana yi, ta yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ana haɗa su, kuma a shekarunki haɗawar ta fi riƙe ɗaya. Abin lura shi ne yadda za a jera su, domin akwai gaɓoɓi huɗu da su biyun suke ci tare: wuyan hannu, kafaɗa, bayan cinya da kwankwaso. Biyu daga ciki sun riga sun fara yi miki magana.

Bari mu fara da dalilin da ya sa wata takwas na yoga ba su sauƙaƙa miki ɗaukar bokiti ba. Tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an ɗora mata abin da ya ɗara wanda ta saba da shi. A watannin farko, nauyin jikinki kansa baƙon kaya ne ga hannuwanki da cinyoyinki, shi ya sa mai fara yoga yake jin ƙarfi yana shigarsa. Bayan wata uku ko huɗu jiki ya saba da kilo 70 ɗin nan, kuma a kan tabarma ba ki da yadda za ki ƙara masa nauyi sai dai ki ƙara daɗewa a tsayuwa ɗaya. Daɗewar tana ƙara juriya, amma ƙarfin da ake ɗaga kaya da shi ya tsaya inda ya tsaya. Shi kuwa ƙarfe ana ƙara shi kilo-kilo, mako bayan mako, har shekaru.

Akwai giɓi na biyu wanda ba a cika faɗa ba. Ki ƙirga motsin da kike yi gobe da safe. Tsayuwar falanki, wato jiki a miƙe sambal a kan tafin hannu da yatsun ƙafa, turi ne. Miƙar kare, inda mazaunai suke sama kai yana ƙasa, turi ne. Saukar da ake yi daga falanki zuwa dab da ƙasa, wadda masu yoga ke kira caturanga, ita ma turi ce. Za ki gama awa guda ba ki jawo komai zuwa jikinki ba ko sau ɗaya. Tsokokin da ke tsakanin allunan kafaɗa, da na gefen gadon baya, da damtse, da ƙarfin damƙar yatsu, duk aikin jawowa ne yake gina su, kuma su ne masu ɗaukar bokiti. Iyayenmu mata da suka tashi da jan guga da daka da surfe suna samun wannan kyauta a tsakar gida. Famfo da injin niƙa sun hutar da mu, sun kuma tafi da wannan ƙarfin.

Na uku shi ne ƙashi, kuma shi ya fi damun wanda ya san abin da ke gaban mace mai shekara 45. Daga shekara 30 zuwa sama, wanda ba ya aikin ƙarfi yana rasa kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a duk shekara goma. A wajen mace, shekarun da al'ada take ɗaukewa su ne lokacin da ƙashi yake saurin zaizayewa. Ƙashi yana amsa nauyi mai yawa ne na ɗan lokaci, bai damu da miƙa ba. An yi wani gwaji a Ostireliya mai suna LIFTMOR a kan matan da suka daina al'ada kuma ƙashinsu ya yi rauni. Sun ɗaga ƙarfe mai nauyi na minti 30, sau biyu a mako, tsawon wata takwas, a gaban masu kula da su. Ƙarfin ƙashin kwankwasonsu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari, yayin da na waɗanda suka tsaya ga motsi mara nauyi a gida ya ragu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na shekarar 2020, ba ta tsaya ga minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ba, ta ƙara da cewa kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana biyu a mako.

Wannan ba ya nufin ki naɗe tabarmarki. Ƙarfe yawanci sama da ƙasa ne, gaba da baya. Yoga tana juya ƙugu, tana lanƙwasa jiki gefe, tana tsayar da mutum a ƙafa ɗaya, tana koya masa saita numfashi, ga barcin da kika ce ya gyaru. A 2017 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians a Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da ake fara gwadawa kafin magani ga mai daɗaɗɗen ciwon kwankwaso. Ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar cewa ƙarfe yana sandarar da jiki tana da tushe, amma an ɗora laifin a inda bai dace ba. Matashin da kike gani hannuwansa ba sa sauka gefen jikinsa, yawanci ƙirji da damtse kawai yake bugawa, kuma rabin motsi yake yi don ya ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa. In ana kai motsi ƙarshensa, a tsuguna har ƙasa, a miƙe hannu har ya miƙe, binciken da aka tattara ya nuna ɗaga ƙarfe yana sakin gaɓoɓi kusan daidai da miƙa. Tsoron zama kamar namiji ma ki ajiye shi. Sinadarin da ke kumbura tsokar maza a jikin mace bai kai kashi ɗaya cikin goma na nasu ba. Abin da za ki gani shi ne jiki ya ɗaure, zani ya zauna daidai.

Yanzu jeri. In za ki yi su rana ɗaya, ƙarfe ne a gaba, doguwar miƙa a baya. Dalili kuwa, tsokar da aka miƙe aka riƙe fiye da daƙiƙa 60 ƙarfinta yana ɗan raguwa na wani lokaci, kuma gaɓar da ke ƙarƙashinta ba ta samun riƙon da ta saba. Raguwar ba ta da yawa, amma ba a son ta a lokacin da kilo 15 yake hannu. Abin da ya dace kafin ƙarfe shi ne yoga mai tafiya ta minti 5 zuwa 8: a durƙusa a kan hannu da gwiwa a riƙa ɗaga gadon baya ana saukarwa sau 10, a yi taku mai faɗi gaba ana juya ƙirji sau 5 kowane gefe, a shiga miƙar kare a fita ba tare da an tsaya fiye da numfashi biyu ba, sai tsugunno babu kaya sau 10. Jiki ya ɗumama, gumi ya fara tsattsafowa a goshi, shi ke nan.

Kuma ba kowace yoga ce hutu ba, nan mutane da yawa suke ruɗewa. Yogar Ashtanga, wadda ta fito daga birnin Mysore a kudancin Indiya, da binyasa mai sauri da ta samo asali daga gare ta, wato wadda ake bin motsi bayan motsi ba tsayawa, aiki ne sosai ga kafaɗa da wuyan hannu. In kin yi ta awa guda, ki lissafa ta a matsayin ranar wahala. Salon Hata mai natsuwa, da salon Iyengar da ake amfani da bulo da ɗamara da bargo don tallafar jiki, da wadda ake kwanciya a kan matasai, su ne suka dace da washegarin ƙarfe. Akwai kuma wadda ake yi a ɗakin da aka zafafa zuwa maki 40. Wanda yake Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu yana da wannan ɗakin ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma ba abin nema ba ne: zafi yana sa a wuce iyakar miƙa ba a sani ba, sai washegari jijiya ta kawo ƙara.

Makonki zai iya zama haka. Litinin da Alhamis ƙarfe, minti 35 zuwa 45, a rufe da miƙa ta minti 10. Talata yoga mai natsuwa minti 30. Laraba tafiya da sauri minti 30 zuwa 40. Asabar yoga mai ɗan ƙarfi, in kina sha'awarta, minti 45. Juma'a ko Lahadi, ɗaya tafiya, ɗaya hutu cikakke. Abin da ba a taɓawa a tsarin nan shi ne tazarar aƙalla awa 48 tsakanin ranakun ƙarfe, domin a lokacin hutu tsoka take ginuwa. Ki lura na rage miki yoga daga kusan kullum zuwa sau biyu da ɗan ƙari. Da gangan ne, ciwon da kike ji na yawan maimaitawa ne.

A ranar ƙarfe motsi biyar sun ishe ki, kuma ba sai kin je gidan motsa jiki ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka galan mai lita 5 da jarka mai lita 10 ko 25 ma'aunai ne da ba sa ƙarya. In da hali, ƙarafan hannu guda biyu masu faifan da ake ƙarawa ana ragewa sun fi daɗin riƙo, domin ruwa yana tangaɗi a jarkar da ba ta cika ba.

Na farko tsugunno da kaya a ƙirji. Ki rungume kilo 5 zuwa 8 da hannu biyu dab da ƙirji, ƙafafu a buɗe faɗin kafaɗa, yatsu sun ɗan kalli waje. Ki sauka a ƙirga uku, ki tashi a ƙirga ɗaya, dunduniya ba ta barin ƙasa, gwiwa tana bin inda yatsun ƙafa suka kalla. In gwiwoyi suna haɗuwa ciki lokacin tashi, kayan ya yi yawa ko tsokar gefen mazaunai ta gaji. In gwiwa tana ciwo, ki sa kujera a baya ki taɓa ta ki tashi.

Na biyu ɗaga kaya daga ƙasa, kuma a nan ya kamata a daɗe, domin shi ne mafi amfani kuma shi aka fi ɓatawa. Siffar da ake nema kin riga kin san ta: yadda gadon baya yake miƙewa a ruku'u, lanƙwasawar tana fitowa daga ƙugu, bayan bai yi doro ba. Bambancin kawai a nan gwiwa tana ɗan saki. Ki ajiye jarka mai kilo 10 zuwa 12 tsakanin ƙafafunki, daidai tsakiyar tafin ƙafa, kada ta yi gaba. Ki tura mazaunai baya kamar za ki rufe ƙofa da su hannuwanki cike da kaya. Ki kama hannun jarkar, ki ja numfashi, ki ɗaure ciki kamar wadda yaro zai faɗo wa a kai, sannan ki taka ƙasa da ƙarfi ki miƙe. Kayan yana tafiya yana shafar ƙafa. In ya yi nisa da jiki ko da tafin hannu ɗaya ne, kwankwaso ne zai biya. Hanyar gwada kai ita ce a ɗora sandar tsintsiya ko muciya a baya, ta taɓa ƙeya da tsakiyar baya da ƙashin mazaunai. In aka sunkuya ɗaya daga cikin ukun ya rabu da sandar, bayan ya lanƙwashe. Masu yoga suna da wani kuskure nasu a nan: saboda jikinsu ya saki, sai su zarce ƙasa da yawa gwiwa a miƙe, kamar suna gaisar da yatsun ƙafa. Ki tsaya inda kika fara jin bayan cinya ya ɗaure.

Na uku jawowa, kuma shi ne maganin giɓin da muka faɗa. Ki dafa kujera da hannu ɗaya, baya a miƙe, ki jawo kilo 5 ko 6 da ɗaya hannun zuwa gefen ƙugu, kamar jan guga a hankali. Gwiwar hannu ce take tafiya baya, kafaɗa ba ta hawa kunne. Robar motsa jiki da aka ɗaura a ƙarfen taga ma tana yi. Ga mai yoga, jawowa ta fi turi yawa: in kin yi zagaye biyu na turi, ki yi uku ko huɗu na jawowa.

Na huɗu tura kaya sama da kai, kilo 3 ko 4 a kowane hannu, a tsaye, haƙarƙari a ƙasa, kada baya ya gantsare. Na biyar ɗaukar kaya a hannu biyu a yi tafiya, irin ta 'yan garuwa: kilo 8 zuwa 10 kowane hannu, taku 30 zuwa 40, kafaɗa a sake, kai a miƙe. Wannan shi ne bokitin da kika yi ƙorafi a kansa, an mai da shi darasi.

Kowane motsi sau 8 zuwa 12, zagaye biyu a makonni biyun farko, daga nan uku, da hutun daƙiƙa 90 zuwa minti 2 a tsakani. Nauyin da ya dace shi ne wanda in kin gama kike jin da saura biyu ko uku a jikinki, ba goma ba. Mata da yawa suna makalewa a kilo 2 shekara guda suna mamakin rashin canji. In kin kai sau 12 a duk zagayen, sau biyu a jere, siffa ba ta lalace ba, ki ƙara nauyi kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ki koma sau 8. A jarka wannan lita ɗaya ce ko rabi. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta rana da nauyi da adadi, domin ƙwaƙwalwa tana yi wa mutum ƙarya a wannan harka.

Numfashin biyun ya bambanta, kuma ana kawo na yoga cikin ƙarfe a yi kuskure. A yoga ana sakin ciki, iska ta shiga ta hanci a hankali ta cika shi. A ƙarƙashin kaya ciki a ɗaure yake ta ko'ina, gaba da gefe da baya, shi ne ɗamarar ƙashin baya. Ki ja iska kafin motsi, ki fitar da ita ta baki a wurin da ya fi wuya, wato lokacin tashi. Manyan masu ɗaga ƙarfe suna riƙe numfashi gaba ɗaya in kaya ya yi nauyi sosai, amma hakan yana cilla hawan jini sama na ɗan lokaci, kuma ba ki da buƙatarsa a nauyin da muke magana.

Sai ciwonki guda biyu. Na ƙasan mazaunai, in a daidai ƙashin da ake zama a kansa yake, kuma yana ƙaruwa in kin daɗe a kujera mai tauri ko kin sunkuya gwiwa a miƙe, to alama ce ta jijiyar da ta haɗa tsokar bayan cinya da wannan ƙashin. Ciwo ne sananne a wajen masu yoga. Duk sunkuyon da aka yi gwiwa a miƙe yana jan jijiyar yana kuma matse ta a jikin ƙashi, a yi haka kullum wata da watanni sai ta gaji. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ciwon yana kama da ɗaurewa, sai su ƙara miƙa, miƙar kuma ita ce ta kawo shi. Ki daina dogon sunkuyo na mako 6 zuwa 8, in ya zama dole ki saki gwiwa sosai. A maimakonsa ki kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, dunduniya ta ɗan yi nisa da mazaunai, ki ɗaga ƙugu ki riƙe daƙiƙa 30 zuwa 45, sau 5, kullum ko bayan kwana ɗaya. Ɗaga jarka daga ƙasa kuma ki fara shi daga kan bulo ko ƙaramar kujera don kada ki sauka da yawa. Ciwo kaɗan lokacin aiki, kamar 3 cikin 10, ba laifi in ya lafa kafin awa 24. Jijiya ba ta da saurin warkewa irin na tsoka, wata uku ba abin mamaki ba ne. In kuwa ciwon yana sauka ƙafa kamar wutar lantarki, ko ƙafa tana dindiris, wannan daga baya yake fitowa, likita ya kamata ya duba.

Wuyan hannu kuma, a falanki yana lanƙwashe ne iyakarsa, ga nauyin jiki a kansa, ga shi ya wuni a kan kwamfuta. Ki duba tafinki a kan tabarma: yawanci nauyin yana taruwa a gindin tafi ta gefen ƙaramin yatsa, gindin manuni kuma ya ɗaga har a iya zura takarda. Ki baza yatsu, ki danna gindin manuni da na babban yatsa, ki ɗan damƙi tabarmar da kan yatsu. Na mako uku ko huɗu ki yi falanki a kan gwiwar hannu, ko a dunƙule, ko ki naɗe bakin tabarma ki sa gindin tafi a kai don kusurwar ta ragu. Ɗaukar kaya da jawowa za su ƙarfafa wurin da kansu. In babban yatsa da manuni da na tsakiya suna mutuwa, musamman cikin dare, jijiyar laka da ke ratsa wuyan hannu ce ta matsu, kada a yi wasa da shi.

Kafaɗa ba ki ambata ba, amma ita ce ta gaba a layi in aka haɗa caturanga da tura ƙarfe. A bidiyon binyasa guda ana iya sauka sau gommai. Na farko da na biyu suna kyau. Zuwa na goma sha biyar hannu ya gaji, kan kafaɗa ya zube gaba ya sauka ƙasa da gwiwar hannu, mazaunai suka yi sama, nauyi duka ya koma kan gaban kafaɗa. Ki sa waya a gefe ki ɗauki kanki, za ki gani da idonki. Kafaɗa ta tsaya daidai tsayin gwiwar hannu, in ba za ta tsaya ba a sa gwiwa a ƙasa, kuma washegarin ranar ƙarfe a tsallake caturanga gaba ɗaya.

Tunda da safe kike yi, ga wani abu game da kwankwaso. Faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna shan ruwa cikin dare, shi ya sa mutum ya fi tsawo da santimita ɗaya ko biyu in ya tashi. A awar farko sun fi cika, sunkuyo mai zurfi ya fi matsa musu. Ki fara da tsaye-tsaye da tafiya a tsakar gida, ki bar sunkuyo da ɗaga jarka sai jiki ya yi awa guda a tsaye. Haka nan bayan kin ɗaga kaya mai nauyi kada ki zarce kai tsaye ki naɗe baya kamar tabarma. Kwanciya rigingine ƙafafu a kan kujera, da miƙar gaban cinya da ƙirji, sun fi dacewa da wannan lokacin.

Akwai mutanen da Allah ya yi su da sakakkun gaɓoɓi tun asali: babban yatsa yana taɓa hannu in an lanƙwasa shi, gwiwa da gwiwar hannu suna wucewa baya. Irin waɗannan yoga tana yi musu daɗi domin komai yana zuwa da sauƙi, ana ta yaba su, alhali su ne suka fi kowa buƙatar ƙarfe da rage miƙa. In kina cikinsu, kada ki kulle gwiwa ko gwiwar hannu a kowace tsayuwa, ki bar ɗan saki.

Kafin ki fara, ki auna jininki. In yana kai 180 bisa 110 a zaune, sai an saita shi tukuna. Mai hawan jini da mai hawan jinin ido su bar tsayuwa a kan kai ko a kan kafaɗa, domin kifa kai ƙasa yana ƙara matsi a cikin ido. Ni a ganina tsayuwa a kan kai ba ta da wani amfanin da ya kai haɗarinta ga wuyan mai koyo daga waya, ko da lafiyarsa ƙalau. Wadda aka tabbatar ƙashinta ya zaizaye ta guji naɗe baya da murɗa shi da ƙarfi, ta ɗaga ƙarfe a gaban wanda ya sani. Mai juna biyu, da wadda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ƙaba, da mai ciwon zuciya, da mai sikila, kowannensu ya fara da likitansa, mai sikila kuma ya kiyayi zafi da ƙishirwa fiye da kowa. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa, a tsaya nan take.

Abinci a taƙaice. Mai gina tsoka yana buƙatar furotin kimanin giram 1.2 zuwa 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato ke giram 85 zuwa 110 a rana, in ƙodarki lafiya take. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, nama ko kifi dafaffe gwargwadon tafin hannu kusan 25, kofin dafaffen wake 13 zuwa 15, kofin kindirmo kusan 8, gyaɗa cikin tafi kusan 7. Ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga alale da ƙosai. Kuskuren da aka fi yi shi ne karin kumallo na shayi da burodi, rana shinkafa, sai dare a tara komai. A raba shi sau uku ya fi. Garin furotin na gwangwani ba dole ba ne.

Lokacin zafi a yi da sassafe ko bayan magariba, ruwa a kusa. Da azumi a mai da ƙarfe bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan asham, a rage zagaye zuwa biyu amma a bar nauyin yadda yake, haka ƙarfi yake tsayawa har salla. Yoga mai natsuwa ta minti 15 kafin shan ruwa ba ta da matsala.

Wasu za su tambayi hukuncin yoga kanta, tunda tushenta yana cikin addinan Indiya kuma jerin motsin da aka fi sani sunansa gaisuwar rana. Majalisar fatawa ta Malesiya a 2008 da majalisar malamai ta Indonesiya a 2009 sun yi magana a kan wadda ake haɗawa da rera kalmomin bauta, Saudiyya kuma ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Fatawa ta malamai ce. Abin da ya shafi jiki dai, duk amfanin da aka lissafa a nan daga motsi da numfashi yake fitowa, babu wanda ya rataya a kan furta wata kalma ko fuskantar rana.

Ga abin da za ki gani in kin bi tsarin. Kwana ɗaya zuwa uku bayan zaman farko cinyoyi za su yi tsami har saukowa daga bene ta zama aiki. Wannan tsamin tsoka ne, yana wucewa, kuma tafiya da yoga mai sauƙi suna rage jin sa. Ya bambanta da ciwo mai suka a cikin gaɓa, wanda yake nufin a dakata a duba siffa. A mako 3 zuwa 4 nauyin da kika fara da shi zai zama wasa, tun kafin tsoka ta girma, domin ƙwaƙwalwa ce take koyon kiran tsokar da kike da ita. Canjin da ido ke gani sai mako 8 zuwa 12, kuma sikeli zai iya ƙin motsi, don haka ki auna ƙugu da tef sau ɗaya a wata. Duk mako na shida ko na takwas ki rage aikin ƙarfe da rabi na mako guda. In barci ya fara lalacewa, ko nauyin da kika ɗaga makon jiya ya gagare ki sau biyu a jere, yogar Asabar za ki fara cirewa, ki bar Litinin da Alhamis yadda suke.